Gwajin zuciya kafin a shiga fili

Ranar 12 ga Agusta 1989 ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsaka da karawa da Angola, kuma bai sake tashi ba. Bayan shekaru 14, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a birnin Liyon, inda bincike ya nuna cewa tsokar zuciyarsa ta yi kauri fiye da kima, cutar da sau da yawa ba ta nuna alama sai ranar da ta kayar da mai ita. Irin waɗannan mace-macen ne ke sa ake ta ja-in-ja kan ko ya dace a tilasta wa kowane matashin ɗan wasa gwajin zuciya.

Italiya ta kafa wannan doka tun 1982, kuma binciken da aka yi a yankin Veneto ya nuna cewa mutuwar fuju'a tsakanin 'yan wasa ta ragu da kashi 89 cikin ɗari. Gwajin kansa ba shi da wahala: a kwantar da yaro, a manna masa wayoyi goma a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, cikin 'yan mintoci takarda mai zanen bugun zuciyarsa ta fito. Sai dai Isra'ila ta yi irin wannan doka a 1997 amma binciken da ya biyo baya bai ga raguwa ba, yayin da a Ingila, daga cikin matasa takwas da zuciya ta kashe bayan an gwada sama da 11,000, shida takardarsu ta fito lafiya lau.

Abin da ya fi damuna shi ne karatun takardar, domin zanen bugun zuciyar ɗan wasa baƙar fata yakan nuna wasu sauye-sauye marasa illa waɗanda likitan da bai saba ba zai ɗauka cuta ce, ya sallami yaro mai ƙoshin lafiya daga sana'ar da iyayensa suka ɗora wa fata.

A ganina, kafin a tilasta gwaji, a fara tilasta ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a bakin fili, tare da wanda ya iya danna ƙirji. Ita ce ta dawo da ɗan ƙwallon Denmark Christian Eriksen bayan ya faɗi a fili a Kofenhagen ranar 12 ga Yuni 2021, duk da gwaje-gwajen da ya sha a baya. Daga bisani ƙa'idar Italiyar ta hana shi ci gaba da bugawa Inter Milan saboda na'urar da aka dasa masa, sai ya koma Brentford.