Ifritu Mai Rai 200

Asabar, bayan isha'i.

Tun ɗazu na dawo amma ko rigar fita ban cire ba. Jakar littattafan tana nan a bakin ƙofa yadda na yar da ita. Abin da ke cina a rai bai taka kara ya karya ba, sai dai na san idan ban rubuta shi ba barci ba zai zo ba.

Safiya lafiya lau. Koko da ƙosai a ɗakin Inna, na sauke Ummi a islamiyya, na biya shagon kwamfuta na sake buga wa Bashir takardar jaruminsa ta Dungeons & Dragons, wasan labari da muke yi da dayis, tunda wancan makon zoɓo ya kife a kanta. Bayan la'asar muna falon Yaya Nura, an baza taswira a kan darduma, an danne kusurwoyinta da kofunan shayi saboda iskar fanka. Kowa ya zo, har Mubarak da ya saba makara. Raina fes.

Ni ne mai jan wasa, wato mai ba da labarin. Wata uku ke nan ina jan jarumansu ta cikin sahara zuwa wata rijiya, kuma mako guda cur na yi ina shirya abin da ke ƙarƙashinta. Har muryarsa na riƙa gwadawa a kan babur a hanyar ofis. Da suka sauka da igiya suka tarar da tulun tagulla, sai na sassauta murya. Na ce bakin tulun ya fara hayaƙi, zafi ya daki fuskokinku kamar an ɗaga murfin tanda, wata inuwa ta miƙe a jikin bango tana ta tsawo har ta lanƙwashe a rufin kogon. Daidai nan aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak. Yaya Nura ya kunna fitilar waya ya jingine ta da kofi. A wannan ɗan hasken na ga Hafsat ta dunƙule dayis ɗinta mai fuska 20 ta kai hannun ƙirji, Bashir kuma ya tsaya da ƙwayar gyaɗa a bakin leɓe bai tauna ba. Wannan shirun nake nema tun ranar da muka fara.

Sai Sadiq ya ce, ko ɗago kai bai yi ba: "Ifritu ne. Makin ransa 200, sulkensa 17. Wuta ba ta cinsa, kada wanda ya ɓata sihirin wuta a kansa. Mu biyar a mataki na 9, za mu iya."

Bashir ya tauna gyaɗarsa. Hafsat ta buɗe hannu ta ɗauki fensir. Zagaye huɗu suka kai shi ƙasa, aka yi shewa, aka tafa. Na raba musu dukiyar da ke cikin kogon, na naɗe taswirata, jikina a sanyaye.

A hanyar fita titi ni da Sadiq ne kawai, ina tura babur yana riƙe min jaka.

"Yaya, na ga kamar ranka ya ɓaci."

Na ce ina ya samo lambobin nan. Ya ce a Monster Manual mana, littafin dodannin wasan, ya karance shi kaf a wannan hutun. Na ce wannan littafin na mai jan wasa ne, ɗan wasa ya tsaya a Player's Handbook, littafin 'yan wasa.

"Yaya, ai kai ne ka ce in riƙa karatu in daina tambayarka kowace doka. Kuma jarumina matsafi ne, shekara 20 ya yi a hasumiya yana karatu. Ta yaya zai ga ifritu bai gane shi ba?"

Nan yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ce ta ƙara hasala ni. Na ce jaruminka zai iya sanin wuta ba ta cinsa, zai iya sanin daga Birnin Tagulla ya fito, har ya gargaɗi 'yan uwansa yana kyarma. Abin da ba zai taɓa sani ba shi ne 200. Babu mahaluƙin da ke tsayawa gaban abin tsoro yana ƙirga saura nawa ya faɗi. Da na tsaya a nan da ya yi daidai. Sai na ƙara da cewa ya kashe wa mutum huɗu wasa don kawai ya nuna ya iya.

Ya yi shiru har muka kai bakin kwalta. Ya miƙo min jakar da hannu biyu, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya," ya tsai da adaidaita ya shige.

Wannan ban haƙurin shi ya hana ni cire riga. Yaro ɗan shekara 17 wanda duk cikinmu babu mai son wasan nan kamarsa. Shi ke zuwa da wuri ya share falon. Shi ya zana mana taswirar da hannunsa.

Da na natsu na ga fushin nawa rabinsa da littafin nake yi. Ina son Monster Manual ɗin nan na 2014, zanensa ya kai zane, kuma na san irin wahalar da Anti ta sha kafin ta iso min da shi daga Ingila cikin akwatinta. Amma ya ɗauki aljanun nan kashi huɗu, na iska, na wuta, na ƙasa da na ruwa, ya auna kowanne kamar buhun masara, ya manna masa lamba. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, 'yan ƙananan littattafai uku ne a cikin kwali, dodo guda 'yan layuka ne kawai, sauran kuma ya rage wa mai jan wasa ya cike da kansa. Yanzu kowane littafin ƙari da ya fito sai ya zo da sababbin zaɓi ga 'yan wasa. Xanathar's na 2017 na amfana da shi, musamman dokokin abin da jarumai ke yi idan suna hutu a gari. Tasha's na 2020 kuwa tun da ya shigo falon nan hirar ta koma wane haɗi ya fi duka da ƙarfi.

Wanda har yau ban gaji da shi ba shi ne The Mwangi Expanse na Pathfinder, wani wasan irin namu, na 2021, duk da ba dokokinsu muke bi ba. Mafi yawansa labarin mutane ne da garuruwa, me suke ci, me suke tsoro, wa suke girmamawa. Akwai makarantar sihiri ta Magaambya a birnin Nantambu. Akwai anadi, mutanen gizo-gizo masu ɗaukar siffar ɗan Adam don sun san ana tsoron kamanninsu, ranar da na fara karanta su Gizo da Ƙoƙi ne suka faɗo min a rai. Mutanen kura ma a can al'umma ce mai dangi da al'ada, a Monster Manual kuwa 'ya'yan shaiɗan ne da ba su san komai ba sai kisa. Irin wannan littafin ko ɗan wasa ya haddace shi bai rage min komai ba, ƙara min ma zai yi.

Akwai kuma wani abu da tun a falon ya tsaya min a wuya. Ifritu suna ne da muka sani a Suratun Namli, a ƙissar Annabi Sulaiman, alaihissalam. Da na ji an ambace shi an haɗa da lamba, an ce "za mu iya", sai na ji babu daɗi, kuma ni ne na kawo shi kan dardumar. Ba zan sake amfani da sunan a wasa ba.

Da na shigo na tarar Inna ba ta kwanta ba, tana jan carbi a tsakar gida. Na ce, "Inna, wai Dodon nan na tatsuniyarki yaya kamanninsa yake?" Ta kai ƙarshen carbinta tukun, ta ce, "Wa ya taɓa tsayawa ya duba?" Ta ce tuwona yana cikin kula.

Ban ci ba tukuna. Na rubuta wa Sadiq saƙo na goge har sau uku. Wanda na tura a ƙarshe cewa na yi maganar da na faɗa masa a titi ba ta dace ba, ya yafe min, gobe ya zo ya karɓi littafin Mwangi, kuma idan mun gama da rijiyar nan shi zai ja mana wasa na gaba, ni in zauna a ƙasa da takardar jarumi kamar kowa. Saƙon ya shiga tun ƙarfe tara da kwata. Bai buɗe ba.