Haruffa 26, sautuka 44: inda Turanci ke yi mana wayo

Turanci yana da haruffa 26, wannan ko ɗan aji ɗaya na firamare ya sani, amma sautukan da ake furtawa a cikinsa sun kai 44 idan aka bi irin Turancin Ingila da ake koyarwa a makarantunmu. Baƙaƙe 24, wasula 20. Eh, wasula ashirin, duk da a, e, i, o, u guda biyar ɗin nan kawai aka nuna mana a allo. To daga nan rigimar ta samo asali, mu da ido muka koyi Turanci, alhali shi yare da kunne ake fara kama shi.

A Hausa abin da ka rubuta kusan shi za ka karanta, in ban da tsawon wasali da karin sauti da ba ma sawa a rubutun yau da kullum. Turanci kuwa ba ruwansa da wannan amanar. Duba though, through, tough da cough, duka huɗun da ough suka ƙare amma babu biyu da ake faɗa iri ɗaya. Kuma ba mugunta ba ce, tarihi ne. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Ingila a 1476, rubutu ya fara zama wuri ɗaya, shi kuma furuci bai tsaya ba, tsakanin wajajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta sauya wuri a baki. Ita k ɗin da ke farkon knife da knee a da furta ta ake yi, bakin mutane ya yar da ita takarda ta riƙe. Shi yasa masana suka ƙirƙiro haruffan IPA, waɗannan alamomin da kake gani a ƙamus kusa da kalma kana tsallakewa. Wasu malaman harsuna ne ƙarƙashin Paul Passy suka kafa ƙungiyar da ta ƙirƙiro su a Faris a 1886, babbar dokarsu ita ce kowace alama sauti guda. Daga baya Daniel Jones ya fitar da ƙamus ɗinsa na furucin Turanci a 1917, an yi ta sabunta shi daga baya.

Bari mu fara da baƙaƙe tunda sun fi sauƙi. Kowane baƙi tambaya uku ake masa, a ina ake furta shi, ta yaya iska take fita, sannan tantanin maƙwallato yana rawa ko ba ya yi. Na ukun nan gwada shi yanzu, ɗora yatsa a maƙogwaro ka ja ssss sai ka koma zzzz, za ka ji wajen ya fara kaɗawa, wannan shi ne ziza. Da yawa daga baƙaƙen Turanci bibbiyu suke tafiya a haka, p da b, t da d, k da g, f da v, s da z, wuri ɗaya yanayi ɗaya, ziza ce kawai ta raba su.

Sai p da f da ake ta tsokanar Bahaushe da su. Gaskiya abin ba na dariya ba ne in ka fahimce shi. F ɗin Hausa da leɓɓa biyu ake yin ta, wani ya faɗe ta kusa da p wani kusa da h, Basakkwace ma ya ce hwara a maimakon fara, kuma duk ma'ana ba ta canjawa, saboda a wurinmu ƙwayar sauti ɗaya ce. Dubi yadda muka ari fensir da famfo da fenti, duk da p suka zo. A Turanci kuwa pan daban fan daban, pull daban full daban. Haka Bature zai sha wahala da baki da baƙi, ko daidai da ɗaiɗai, kunnensa bai saba jin bambancin ba sam. Maganin a baki yake: in za ka ce f haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa iska ta yi ta zuba, in p ce leɓɓa su rufe ruf sannan su fashe. V ma gurbin f take, ziza kawai za ka ƙara, in ba haka ba very ta koma berry.

Th ɗin nan kuma sautuka biyu ne a rubutu ɗaya, na think maras ziza da na this mai ziza. Mu mukan mai da su s da z, mutanen kudu su kuma t da d, kowa da tasa. Abin da ke ba ni mamaki, duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya riga ya iya su, su ne ث da ذ, tsinin harshe a bakin haƙoran sama. A karatun Alƙur'ani muna fitar da su tsaf, da an zo Turanci sai mu manta muna da su.

Wasula su ne ainihin aikin, kuma su aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Guda 12 tilo ne, 8 tagwaye irin na cikin day, boy, go, now, kamar dai ai da au namu. Muna da ɗan sa'a saboda Hausa ta san gajeren wasali da dogo, don haka ship da sheep ba za su gagare mu ba, kodayake ba tsawo kaɗai ya raba su ba, harshe yana ɗan sauka ya saki jiki a ship. Inda ake kwasar kashi a hannu shi ne cat, cut, cart, cot, caught, da yawanmu wasali biyu muke raba wa kalmomi biyar ɗin nan.

Akwai kuma wani ɗan wasali da ya fi kowanne yawan fitowa a Turanci amma ba shi da harafin kansa, ana ce masa shuwa, alamarsa e ce a kife, ə. Shi ne a farkon about, shi ne a ƙarshen teacher a bakin mutumin Ingila, a banana ma yana gaɓar farko da ta ƙarshe. Rago ne, baki ba ya wani motsi wajen yin sa. Dalilin yawansa kuwa shi ne Turanci yare ne na nauyin gaɓa, a kowace kalma akwai gaɓar da ake dannawa da ƙarfi sauran a bi ta kansu da sauri. Hausa karin sauti take amfani da shi, sama da ƙasa, kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta cikakke, to sai mu ɗauko wannan adalcin mu kai Turanci. A ganina wannan ya fi p da f hana baƙo gane maganarmu. PHOtograph, phoTOgrapher, photoGRAphic, tushe ɗaya amma nauyin yana ta yawo. REcord suna ne, reCORD aikatau.

Cunkoson baƙaƙe ba sai na daɗe a kai ba, gaɓar Hausa ba ta fara wa da baƙi biyu a jere shi yasa muka samu burodi da buroshi da sukurudireba. Turanci yana jera uku a farko kamar street, a ƙarshe har huɗu kamar texts.

Ga 'yan WAEC, takardar Test of Orals a Najeriya tambaya 60 ce kuma a rubuce ake amsawa, don haka mutum zai iya haddace alamomi ya ci ba tare da ya buɗe baki ba. Abubuwan da suke yawan fitowa akwai s ɗin jam'i, a cats s ce, a dogs z ce, a buses iz ce. Haka ed, a walked t ce, a played d, a wanted id. Sautin da ya gabace ta ne yake yanke hukunci, harafin ba ruwansa.

Ni dai ban ga amfanin mutum ya maƙale murya wai sai ya zama ɗan Landan ba, su kansu ba su daidaita ba, Ba'amurke yana furta r a car, ɗan Landan ba ya yi, ɗan Sikotilan yana yi. Wuraren da ma'ana ke canjawa su za ka gyara. Ƙamus na waya irin Cambridge ko Oxford suna da ɗan lasifika kusa da kowace kalma, na Ingila da na Amurka, ka danna ka saurara, sai ka ɗauki muryarka da rikoda kana faɗin pan da fan ko cut da cart ka kunna ka ji ko da gaske sun bambanta.