Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsibirin da Ba a Haƙa wa Fursuna Kabari

Makon jiya mun tsaya inda jirginmu ya baro Barbados ya nufi bakin kogin Amazon. Wata safiya, bayan sallar asuba, sai na ji ƙarar sarƙar anga. Babu tashar jirgi a wurin, tsibirai uku ne kawai cike da bishiyar kwakwa a gaɓar Giyana ta Faransa: Royale, Saint-Joseph, da wanda ake kira Tsibirin Shaiɗan. Shugaban ɗakin wanki ya ba mu awa uku, ni da Kawu, dattijon nan ɗan Zangon Kumasi da na ba ku labarinsa. Wata biyar ina guga a ƙasan jirgi inda ba taga, ko kan dutse aka ce in sauka zan sauka.

Sai da fasinjoji suka gama tafiya sannan ƙaramin jirgi ya kwashe mu zuwa Royale. Tun a bakin ruwa muka ga kunkurun teku yana leƙo kai ya shaƙi iska ya nutse. Da muka fara hawan tudu, sai ga wata dabba ta zauna a kan ƙafafun baya tana gwaguyar kwakwa. Kamar gafiya ce, amma ƙafafunta dogaye, gashinta ja-ja, wutsiya kusan babu. Aguti sunanta. Ko gezau ba ta yi ba. Kawu ya tsaya yana kallonta ya ce, "Ɗana, wannan da a garinmu ne da tuni ta shiga miya." Muna cikin dariya wani ɗan biri ya diro ya fizge burodin da na ɓoyo daga kicin, ya haye reshe yana ci yana kallona. Dawisu kuwa sai taƙama yake a tsakar gidajen tsofaffin gandirobobi kamar shi ya gaji wurin.

Faransancin da na koya a lakwal a Maraɗi ya yi mini rana, ni ke karanta allunan ina fassara wa Kawu. Daga 1852 Faransa ta fara turo fursunoninta nan, na ƙarshe ba su bar ƙasar ba sai 1953. Akwai wata doka: in an yanke maka ƙasa da shekara 8, ka gama, sai ka sake zaman adadin shekarun nan a Giyana; in ya kai 8, ka bar gida ke nan. Na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan horo, na miƙe hannuwa, saura kaɗan in taɓa bango biyu. Saiwoyi sun tsaga bangon, ƙofar ƙarfe ta ci tsatsa. Ban daɗe ba na fito, don sai na tuna ɗakin kwanana na jirgi.

Daga bayan tsibirin ana hango Tsibirin Shaiɗan kamar ka yi iyo ka kai, amma igiyar ruwan da ke tsakani ba ta barin kowa, har yau ba a kai baƙi can. Da waya mai ƙarfi ake tura wa fursunonin can abinci a da. A can aka tsare hafsan soja Alfred Dreyfus daga 1895 zuwa 1899, bisa ƙaryar cewa ya sayar wa Jamus sirrin soja.

Abin da ya tsaya mini shi ne wata 'yar maƙabarta. Kaburbura ƙanana, na 'ya'yan gandirobobi, kowane da dutsensa. Kawu ya ce, "To ina na fursunonin?" Na karanta masa: su ba a binne su, cikin teku ake jefa gawa, manyan kifaye su cinye. Ba wanka, ba likkafani, ba wanda zai ce ga inda ubana yake. Akwai 'yan Aljeriya cikin waɗanda aka turo Giyana, sai Kawu ya cire hula ya ɗaga hannu, muka yi Fatiha muna fuskantar ruwa. Wata Baturiya ta tsaya nesa har muka shafa.

Ƙahon jirgi ya busa muka gangaro da gudu. Ina shiga na tarar da tulin zannuwan gado, da saƙon babbar yayata a waya: "Ka kira ni yanzu, maganar Baba ce." Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.