Kofunan azurfa a kabarin wani sarki a Danmak

Ni fa aiki ne ya kai ni Kofanhegan, ba yawon buɗe ido ba, amma ranar Asabar ruwa ya tsare mu tun safe, sanyi kamar ya tsinke kunne, sai kawai na faɗa gidan tarihi na ƙasa don in samu ɗumi. Wallahi kofuna biyu na azurfa suka riƙe ni kusan awa guda a tsaye gaban gilashi.

An tono su ne a 1920 a Hoby, wani ƙauye a tsibirin Lolland, cikin kabarin wani babban mutum da aka binne a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa. Kayan Rumawa ne, ga tulu da tasa na tagulla, gaba ɗaya kayan walima. Kuma fa Danmak Rum ba ta taɓa mulkinta ba, iyakarsu can kogin Rain take, tafiya mai nisa.

Na matsa har numfashina ya dusashe gilashin. A jikin ɗaya akwai tsoho Firiyam, sarkin birnin Turoi a tsohon labarin Girkawa, ya durƙusa yana sumbatar hannun Akilis, jarumin Girkawa da ya kashe masa ɗa, yana roƙon gawar ɗan, gashin gemunsa ma ana gani ɗaya-ɗaya. Maƙerin ya sa sunansa, Cheirisophos, sannan a gindin kofunan an karce wani suna, Silius, wanda masana ke ganin shi ne kwamandan sojan Rum a Mainz, birni a bakin kogin Rain, daga shekara ta 14 zuwa 21. Wato bayan ƙabilun Jamus sun hallaka rundunoni uku na kwamandan Rum Varus a shekara ta 9, Rumawa suka koma neman abokai da kyauta, a ba sarki abin da maƙwabcinsa ba shi da shi, ya zama naka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutumin da aka binne kansa. Ba lallai ya san labarin Turoi ba, amma ranar da ya tara manyan gari ya fito da kofunan nan kowa ya san da wa yake hulɗa, kamar dai yadda jeren ɗakin amarya ke faɗin gidan da ta fito. Har da ƙahon shan giya irin nasu aka binne shi, gefen kayan Rum ɗin.

Da na fito ruwan bai ɗauke ba, na tsaya bakin ƙofa ina duba jirgin ƙasa mai zuwa Lolland a waya.