Mil 12 da na auna daga gaɓar da ba ita ba

Shekara shida na yi ina aiki a jiragen ruwa na dakon mai kafin a ba ni muƙamin jami'i na biyu, wato wanda alhakin tsara hanyar jirgi a kan taswira ke wuyansa. A waɗannan shekaru na ratsa mashigin Jibralta da Babul Mandab da na Malaka ba sau ɗaya ba, kuma babu wata ƙasa da ta taɓa tsayar da mu ko ta nemi mu roƙi izini. Wannan sabo ne ya cuce ni, domin ya dasa mini a zuciya cewa teku fili ne na Allah, duk inda ido bai hango gaɓa ba kowa na iya yin abin da ya ga dama.

A wata tafiya, mun sauke kaya, sai masu jirgin suka aiko da saƙo cewa mu fita gabas da Singafo mu jira umarni, a wajen iyakar tasha, don kada a biya kuɗin zama. Kyaftin ya ce in nemo wurin jefa anga. Na buɗe taswira, na auna daga gaɓar tsibirin Bintan na Indunusiya, na zaɓi wuri mai nisan mil 14 na teku, na ce ai mun wuce mil 12 da doka ta ba kowace ƙasa, saboda haka muna ruwan ƙasa da ƙasa. Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali shi ne jirage da yawa da na gani a na'urar rada, duk suna tsaye a wannan yanki. Ban tambayi kowa ba, kyaftin ma ya amince da aikina ya sa hannu.

A kwana na uku, ina idar da sallar asuba, na ji ƙarar ƙaramin jirgin sintiri a gefenmu. Jami'an Indunusiya suka hawo, cikin ladabi ƙwarai, suka nemi takardar izinin tsayawa. Na ce musu ba ma bukatarta, na nuna musu awon da na yi. Babbansu ya ɗora ɗan yatsa a kan taswirar, ya ja shi daga wani ɗan tsibiri zuwa wani dutse da ke can cikin teku, wanda ni ban ɗauke shi a bakin komai ba, ya ce daga wannan layi ake fara ƙirga. Har yau idan na rufe ido ina ganin wannan yatsa. Suka tattara fasfonmu a cikin jakar leda, kyaftin ya ɗauki 'yar jakarsa ya bi su zuwa tudu.

Kuskurena kashi biyu ne, kuma na farkon ne ya fi ci mini rai, domin an koyar da mu shi a makaranta. Indunusiya ƙasa ce ta tarin tsibirai. Tun 1957 ta shelanta cewa ruwan da ke tsakanin tsibiranta nata ne, kuma Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sanya wa hannu a Jamaika a 1982 ta fara aiki a 1994, ta amince wa irin waɗannan ƙasashe su ja miƙaƙƙun layuka da ke haɗa tsibiransu na can waje. Daga waɗannan layuka ake auna mil 12, ba daga rairayin da matuƙi yake hange ba. Da yake ƙasar tana da tsibiran Anambas da Natuna a can arewa maso gabas, ruwa mai faɗin gaske da ke gabas da Bintan yana ƙarƙashin ikonta. Ni kuwa na auna kamar ina gaɓar Legas, inda gaɓa ɗaya ce miƙe.

Na biyu shi ne na cakuɗa haƙƙin wucewa da haƙƙin tsayawa. A tsakiyar teku, sashe na 87 na yarjejeniyar ya ba kowa 'yancin zirga-zirga, har sashe na 90 ya ce ƙasar da ba ta da teku, irin Nijar ko Chadi, tana da ikon sa jirage su yi tafiya da tutarta. A cikin ruwan wata ƙasa ma ba a hana jirgi wucewa, matuƙar wucewar ba ta cutar da zaman lafiya da tsaronta. Amma sashe na 18 ya gindaya sharaɗi cewa wucewar ta kasance ba yankewa ba kuma jan ƙafa, kuma ba a yarda da tsayawa ko jefa anga ba sai idan tuƙin jirgin ne ya bukaci haka, ko wata larura da ta fi ƙarfin mutum, ko don ceton waɗanda ke cikin haɗari. Jiran umarnin kamfani ba ya cikin waɗannan. Misalin da na ba mahaifina a waya shi ne burtali: manomi ba ya hana shanu bi ta ciki, amma ran da makiyayi ya kafa ruga a kai, magana ta canza.

A lokacin da muke tsare, wani littafin dokar teku da ke cikin jirgin ya zama abokin hirata, kuma a nan na tarar da abin da ya ba ni mamaki. A kusa da wannan ruwa ne, a 1603, 'yan Holan suka kama jirgin Fotugal mai suna Santa Katarina, kuma taƙaddamar da ta biyo baya ce ta sa lauya Hugo Grotius ya yi rubutun da aka buga a 1609, inda ya ce teku ba mallakin kowa ba ne. Ni na yarda da wannan ra'ayi har zuciyata, domin ba don shi ba da shinkafa da magani da mai ba su isa kasuwanninmu a kan farashin da talaka zai iya ba. Sai dai ƙasashen da ke gaɓa sun amince da shi ne bisa sharaɗin a girmama iyakarsu, kuma jami'an da suka hawo jirginmu ba su zalunce mu ba.

Kusan wata biyu muka yi a wurin. Ruwan sha ya ja baya har aka soma rabonsa da awo, lauyoyi da kamfanin inshora suna ta kai da kawo, ma'aikata fiye da ashirin suna kallona ba su ce komai ba, wanda hakan ya fi mini zafi da a ce sun zage ni. Matata ta haihu a Kano, aka yi suna ba na nan. Inna ta ce mini a waya, "Ka yi haƙuri, ɗana, haka Allah ya ƙaddara," na amsa mata da to, amma na san da hannuna na auna mil 14 ɗin nan. Kyaftin, dattijo mai shekara talatin a teku, shi ya tsaya gaban shari'a a kan lissafin da ni na yi. Da kwantiragina ya ƙare ba a sabunta shi ba, na yi wata tara a gida.

Ga ƙannena da ke shirin shiga wannan aiki, kada yawan jiragen da ke tsaye a wuri ya ruɗe ku, domin wasu suna da izini ta hannun wakilinsu na tudu, wasu kuma suna jiran nasu jirgin sintirin ne ba su sani ba. Ku nemi layukan da ƙasar ta shelanta kafin ku ɗora ma'auni a kan taswira, ku karanta gargaɗin da kamfanonin inshora ke aikowa, wanda ni na gani a cikin fayil bayan aikin gama ya gama. Kashe inji a bar igiyar ruwa ta riƙa jan jirgi ma ba mafita ba ne a cikin ruwan wata ƙasa, domin shi ma ba wucewa ba ne. Idan ofis ya ce ku jira a wajen tasha, ku nemi ya rubuto wurin da kansa, tare da sunan wakilin da ya karɓo izini.

A tafiyata ta baya-bayan nan an sake ba mu irin wannan umarni a wannan yanki. Na kai wa sabon kyaftin taswira da layukan a zane da jan alƙalami, muka nausa can cikin Tekun Kudancin Sin muka yi kwana huɗu muna jira, ofis yana ta aiko da ƙorafi a kan man da muka ƙona a hanya.