Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tuta da Take a Croke Park

Makon jiya mun tsaya a inda ɗana ya shiga kulob ɗin unguwarmu a Dublin, babban birnin Ireland, yana buga ƙwallon Gaelic, wadda ake cafewa da hannu a kuma doka da ƙafa. To, kocinsu ne ya samo mana tikitin Croke Park, filin da ke cin mutum 82,300.

Kafin a take wasa, 'yan badujala suka zagaya fili, 'yan wasa na biye da su a layi. Can sai kowa ya miƙe ya fuskanci tuta, aka ɗauki taken ƙasa da harshen Irish. Dattijon da ke gefena ya tuɓe hula ya riƙe a ƙirji. Tun ba a kai ƙarshen baiti ba ihu ya ɓarke, ya danne ganguna.

Abin ya ɗaure min kai. Gunduma da gunduma ke karawa, ina ruwan taken ƙasa? Dattijon ya nuna min rumfar Hogan da yatsa. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a filin nan ana tsaka da wasan Dublin da Tipperary, mutum 14 suka mutu, ciki har da ɗan wasa Michael Hogan. Ita kanta hukumar GAA mai kula da wasan, a 1884 aka kafa ta a garin Thurles, ƙasar na hannun Ingila, don kada wasannin gargajiya su ɓace.

Da na koma aiki ina ta zuba labari, wata abokiyar aikina 'yar Belfast ta Arewacin Ireland, Furotesta, ta yi gum. Daga baya ta ce ko a ƙafa aka ɗaura mata ba za ta je ba. GAA ta haɗe gundumomi 32 na tsibirin, har da shida na Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, kuma can ma tutar Ireland ake kafawa a wasanninta. Farin da ke tsakiyarta alamar sulhu ne tsakanin kore na Katolika da ruwan lemo na Furotesta, amma ita tutar ɓangare guda take gani. Ta tuna min cewa sai a 2001 aka soke dokar da ta hana 'yan sanda da sojojin Birtaniya shiga hukumar.

Ban ga laifinta ba, kuma ban ga na dattijon ba. Sai dai a ganina masu tsoron sassauci sun cika zuzuta abin. A Fabrairun 2007 an rera taken Ingila a filin nan kafin wasan rugby, jama'a suka yi tsit har aka gama, sannan Ireland ta lallasa baƙin da ci 43 da 13.

Rigimar tawa a gida ta same ni. Maiɗakina ta ji yaron yana rera taken Ireland a banɗaki, tiryan-tiryan. Ta ce, "Baban Abba, na Najeriya fa, ya iya?" Wanne ciki, wanda aka daina ko wanda aka dawo da shi a 2024? Yadda muka kwashe da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.