Talata, ni da 'yan aji shida da azancin Turawa

Da mura na tashi, amma ba halin zama a gida, domin jarrabawar WAEC ta ƙarato. A takardar Turanci akwai wurin da ake kawo jimla mai azanci, a ce ɗalibi ya zaɓi ma'anarta, kuma a nan yaranmu ke zubar da maki a banza.

Na rubuta "it is raining cats and dogs" a allo, wato ana ruwan kuliyoyi da karnuka, aji ya kaure da dariya. Na ce to ku da kuke cewa ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, wa ya taɓa ganin ƙwarya a sama? Nan take suka gane. "Beat about the bush" ma bai ba mu wahala ba, tunda daga farauta ya samo asali: masu dukan ciyayi su tayar da tsuntsaye, wasu su kama. Wanda ya tsaya dukan ciyawa bai kai ga nama ba, wato yana ta kewaye-kewaye.

Inda muka daɗe shi ne "once in a blue moon", abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi. Na bayyana musu cewa idan wata ya cika sau biyu a cikin watan Turawa guda, na biyun shi ake kira "blue moon", kamar yadda aka yi a Agustan 2023, kuma sai bayan shekara 2 zuwa 3 ake ganin irinsa. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai a lissafin Hijira hakan ba zai yiwu ba, tunda da tsayuwar wata muke fara ƙirga." Wallahi ta burge ni, har na manta da hancina da ke zuba.

Da azahar a ofishin malamai aka nuna mini wasiƙar ta'aziyya da wani yaro ya rubuta a aikin gida. Ya ce ya yi baƙin cikin jin kakan abokinsa "has kicked the bucket". Ma'anar dai mutuwa ce, bai yi kuskure a nan ba. Amma daidai yake da ka shiga zauren makoki ka ce ka ji tsoho ya sheƙa barzahu. Bature mai ladabi "passed away" yake cewa, kamar yadda muke cewa ya riga mu gidan gaskiya. Laifin na waɗannan ƙananan littattafan ne da ake sayarwa a bakin makaranta, masu jera azanci da ma'anarsa kamar lissafin cefane, ba sa faɗa maka a gaban wa ake furta shi. Yaro ya haddace, ya ɗauka duk inda ya saka ya yi gwaninta.

Na kira shi gefe na yi masa bayani, ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Malam." Na ce ba faɗa ba ne, ya sake rubutawa ya kawo Alhamis.

Bayan isha'i na sha shayi mai citta da kanumfari, na duba littattafai kaɗan. Gobe zan kai musu "break a leg", fatan alherin da 'yan wasan kwaikwayo ke yi wa juna kafin hawa dandamali. Na san sai wani ya ce mugun baki ne, tunda a zahiri "karya ƙafa" yake nufi.